Jirgin da Ba Ya Tsayawa Gaisuwa

Isaka ɗan Gwaggo Gimbiya bahago ne. Wannan shi ne abu na farko da tsofaffin Gangara za su gaya maka game da shi, tun kafin su ce maka matuƙin jirgin sama ne. Ni sunana Baturiya, taubashiyarsa ce ni, ubana da uwarsa ciki ɗaya suka fito, kuma na girme shi da shekara huɗu. Saboda haka ina da izinin faɗin abin da na ga dama a kansa, shi kuwa sai dai ya yi haƙuri. Shekara talatin na yi ina aikin malamar gona tsakanin Agye, Cadawa da Gazawa, to ko a wajen aiki hanyarmu ta sha haɗuwa.

Shi ne autan Gwaggo. Tun yana rarrafe aka gane inda ya dosa, domin duk abin da aka miƙa masa da hagu yake karɓa. Gwaggo ba ta ɗauki abin da wasa ba. In an ajiye tuwo sai ta yagi bakin tsohon zanenta ta ɗaure masa hannun hagu a ƙugu, ta zauna ta zuba masa ido. Da ya motsa kafaɗa sai ka ji ta: "Dama, Auta!" Har maƙwabta sun haddace kiran. Da haka ya koyi ci da dama, rubutu da dama, gaisuwa da dama. Amma duk abin da ya zo masa ba shiri, kamar kwano ya suɓuce ko akuya ta tsinke, hannun hagu ne ke riga shi isa wurin.

Abu na biyu shi ne gaisuwa. Isaka bai iya wuce mutum ba. Daga ƙofar gidansu zuwa kasuwa ba ta kai tafiyar minti goma ba, amma in aka aike shi sayen gishiri sai miya ta nuna ta huce bai dawo ba. Zai tambaye ka gida, ya tambaye ka gajiya, ya tambaye ka labarin jakin da ka sayar bara. Mu muka sa masa suna Tsaya-mu-gaisa, kuma sunan ya bi shi har cikin soja.

Ya yi lakol, wato makarantar boko, a Gazawa da Maraɗi, ya shiga soja, aka ga kansa na ja, aka tura shi waje ya koyo tuƙin jirgi mai saukar ungulu. Da ya zo hutu na tsare shi na ce sai ya gaya mini yadda abin yake. Ya kifa turmi ya zauna a kai ya nuna mini. Hannun dama yana riƙe da sanda tsakanin gwiwoyi, ita ke karkata jirgi gaba ko baya ko gefe. Hannun hagu kuma yana kan wata sanda a gefen kujera. Ka ja ta sama jirgi ya ɗaga, ka danna ta ƙasa ya sauka, ka riƙe ta daidai ya tsaya cak a sarari. Ya ɗaga hagun nasa yana dariya ya ce, "Hannun da Inna ta ɗaure, shi ke ɗaga jirgi."

Na ce masa, "To an dace. An samo wa Tsaya-mu-gaisa jirgin da ya iya tsayawa."

Wasa nake yi, ashe gaskiya na faɗa. Bayan shekara goma sha takwas ya bar soja ya kama aiki da wani kamfani mai ɗaukar masu binciken fara da likitoci zuwa inda mota ba ta kaiwa. Duk sa'ad da hanyarsa ta biyo ta kusa da mu, sai ya karkato ya tsaya bisa unguwarsu kamar minti ɗaya. Gwaggo ta fito tsakar gida ta ɗaga hannu, shi kuma ya ɗan duƙar da hancin jirgin, sannan ya wuce. Ranar farko ya sauko ƙasa da yawa, iska ta kwashe jinkar rumbun maƙwabcinsu Mudi. Mudi ya yi shekara yana ba da labarin, da farko cikin fushi, daga baya cikin alfahari. Tun daga nan Isaka yake tsayawa can sama. Ko da idanun Gwaggo suka dushe, kunnenta bai dushe ba. Tana jin bugun jirgin kafin kowa, ta ce, "Ga Auta nan, ku hidda ni." Kusan shekara goma haka suka riƙa gaisawa.

Sai kamfanin ya rasa kwangilarsa, ya sayar da jirgin, ya sallami ma'aikata. Isaka yana da shekara hamsin da ɗaya a lokacin. Ya nemi aiki inda duk ya sani, ba a samu ba, domin masu saukar ungulu da suka rage a ƙasar na soja ne, shi kuwa ya riga ya tuɓe kaki. Ya dawo Gangara da iyalinsa, ya sayi raguna huɗu wai zai yi kiwo. Mutumin da ya san sunan kowace iska bai san ragon da ke ciwo ba sai ya kwanta. Na ga yana tafiya a gari yana gaisawa da mutane kamar kullum, amma rabin hankalinsa yana sama. In tsuntsu ya gifta sai ya bi shi da kallo har ya ɓace. Na tsokane shi ranar farko da ta biyu, daga nan na bari, don tausayi ya ba ni.

Cikin watan Maris aka kira shi a salula. Sabi'u ne, wani mutumin Gidan Runji da ya yi soja a ƙarƙashinsa, wanda yanzu yake koyar da tuƙin ƙananan jirage masu fiffike. Ya ce wani kamfani ya samu aikin feshin fara a gonakin jihar Maraɗi, kuma suna neman matuƙi ɗan ƙasa wanda ya san karkara. Sharaɗin ɗaya ne: jirgin nasu mai fiffike ne, dole Isaka ya ƙara izinin tuƙa mai fiffike a kan takardarsa kafin ƙarshen watan Agusta, lokacin da gero ke fitar da kai. In bai samu ba za su ɗauki wani. Kowa ya san abin da wannan ke nufi. Ba wanda zai sake kiran ɗan shekara hamsin da biyu, wanda ya fi shekara bai tashi ba. Ko ya samu takardar nan, ko ya gama da sama ke nan.

Mu a gari mun ɗauka jirgi jirgi ne. Jaye direba ya ce wanda ke da parmi, wato lasisin tuƙi, na babbar mota ai ba a tambayarsa na ƙarama. Isaka bai yi gardama ba, ya zaro takardar da aka aiko masa ya miƙo mini. Na karanta ta a zaure da tabarau. Da farko likitan matuƙa zai duba ido da kunne da zuciya da hawan jini. Sannan jarrabawar rubutu a kan yadda mai fiffike ke tashi da yadda injinsa yake, ko da yake an yafe masa darasin yanayi da na magana a rediyo tun da ya riga ya ci su. Sannan awoyi tare da malami, da awoyin tuƙi fuska a rufe sai kallon agogunan jirgi, da awoyin da zai tashi shi kaɗai in malami ya sa hannu. Sannan doguwar tafiya shi kaɗai, ya sauka a filaye biyu da ba nasa ba. Daga ƙarshe mai jarrabawa zai zo ya zauna kusa da shi. Littafin Isaka yana ɗauke da awa dubu uku da ɗari huɗu a sama. Takardar ta ce ɗari kawai za a karɓa daga ciki.

"Ɗari!" in ji shi. "Sauran hwa, a ƙasa na yi su?"

Na ce, "A tsaye ka yi su, kana gaisuwa."

Wannan bai ƙona masa rai kamar maganar tashi shi kaɗai ba. Wai shi, wanda ya ɗauko masu rauni daga tsakanin duwatsu, sai Sabi'u ya sa hannu kafin a bar shi da jirgi. Amma ya haɗiye, ya bar ragunan a hannun matarsa, ya tafi Maraɗi, inda kamfanin ya ajiye wani ƙaramin jirgin koyo mai kujera biyu.

Likita ya wuce shi, da sharaɗin tabarau. Jarrabawar rubutu ya cinye ta ba wahala. A sama kuma Sabi'u ya ce bai taɓa samun ɗalibi irinsa ba: hannunsa ba ya rawa, idonsa na ganin komai, ya san kowane tabki da kowace kuka daga Sae Sabuwa har Tasawa. Sabi'u bai daina kiransa Kumandan ba, shi kuma yana kiran Sabi'u Mushe, wato Malam da Faransanci, don tsokana. Komai na tafiya daidai sai abu ɗaya, wato sauka.

Ina da sanayya a filin jirgin tun zamanin aikina, don haka wata ranar Talata cikin watan Yuni na je na gani da idona. Na zauna a inuwar rumfar jirage. Jirgin ya taso daga gabas yana saukowa sannu a hankali, gwanin sha'awa. Da ya kusa titi sai na ga hancinsa ya ɗaga sama, gudunsa ya ragu, ya yi kamar zai tsaya, sannan ya faɗo tim kamar buhun gero daga kan amalanke. Taya ɗaya ta fashe. Na miƙe ina salati. Su biyun suka fito lafiya, amma ba wanda ya kalli wani.

Isaka ya wuce ofis bai ko gaishe ni ba, abin da bai taɓa yi ba. Sabi'u ya zo ya zauna kusa da ni yana share zufa.

Na ce, "Sabi'u, mi ke damun ɗan'uwana?"

Ya ce, "Hajiya, hannunshi na hagu."

Ya yi mini bayani dalla-dalla. Mai saukar ungulu yana rage gudu har ya tsaya, sannan ya sauka a hankali. Mai fiffike kuwa gudu ne ke riƙe shi a sama, kamar keke, in ya tsaya ya faɗi. Wannan Isaka ya sani, ya ma rubuta shi a jarrabawa. Matsalar tana wurin hannuwa. A cikin wannan jirgi an juya musu aiki: hannun hagu ne ke riƙe sitiyari, hannun dama ke kan abin ba inji wuta. In jirgi ya fara nutsewa kusa da ƙasa, abin da ake so shi ne dama ta tura wuta. Amma shekara ashirin da biyar hagun Isaka ya saba cewa in ƙasa ta matso, ja ake yi. Sai ya ja. A can, ja na ɗaga jirgi. A nan, ja na ɗaga hanci ya kashe gudu.

Sabi'u ya ce, "Ina yi mashi tsawa da Faransanci, wuta, wuta! Kahin maganar ta kai kanshi, hannun ya gama aikinshi. Wallahi Hajiya, Kumandan ya hi ni iya tuƙi nesa ba kusa ba. Amma ba ni sa hannu shi tashi shi kaɗai. In na sa, na kashe shi."

Saura wata biyu da 'yan kwanaki, kuma duk sauran sharuɗɗan suna jiran wannan sa hannun. Na ga idon Sabi'u ya kaɗa. Ni kuma, Allah ya gafarta mini, dariya ta kama ni. Ya dube ni kamar na zautu. Na ce masa wannan ciwo ya girmi jirgin sama, kuma mai maganinsa tana Gangara.

Da ƙyar na ja Isaka zuwa gida ranar Juma'a. A mota ya ce kada in kuskura in gaya wa Inna, hankalinta zai tashi. Na ce to. Muna shiga, bayan an gama gaisuwa, na kwashe labarin duka na gaya mata. Ya harare ni, na yi kamar ban gani ba. Gwaggo tana zaune a tabarma ƙarƙashin itacen bedi, la'asar ta yi sanyi. Ta saurara har na gama ba ta katse ni ba.

Ta ce, "Auta, hannun nan ne har yanzu?"

Ya ce, "Shi ne, Inna."

"Wanga sabon jirgi, dama yake so?"

"Dama yake so."

"To jirgin ya hi wancan tarbiyya. Matso."

Ya matso da gwiwa, furfura a gemunsa. Ta lalubi bakin zanenta, ta kama da haƙorin da ya rage mata, ta yage ƙyalle mai faɗin yatsa biyu. Ta nemi hannunsa na hagu ta ɗaure masa a wuyan hannu, ƙulli biyu, kamar yadda take yi shekara hamsin da suka wuce. Ta ce ba za ta iya ɗaure shi a ƙugu ba tun da an ce da shi yake riƙe sitiyari, amma dai hannun ya san an sa masa ido. Sannan ta juyo wajena ta ce in gaya wa malamin nasa ya bar yi wa yaro Faransanci, hannun ba ya jin Faransanci.

Da za mu tashi ta riƙe rigarsa ta ce, "Shi wanga, shina tsayawa bisa gida kamar wancan?"

Isaka ya ce, "Za ki ji shi, Inna." Na lura bai amsa tambayar ba, kuma a wannan karon ban sa baki ba.

Sabi'u ya ƙi da farko. Ya ce shi ba zai iya buɗe baki ya kira Kumandan da Auta ba, ko a mafarki. Isaka da kansa ya ce masa umurni ne. Ranar Litinin suka tashi. Da suka zo sauka jirgin ya fara nutsewa, Sabi'u ya rufe ido don kunya ya ƙwala, "Dama, Auta!" Hannun dama ya tura wuta tun kafin Isaka ya san ya tura. Jirgin ya miƙe, ya taɓa titi lafiya lau. Suka yi ta maimaitawa, sau goma a yini, har sati biyu. Sannu a hankali Sabi'u ya rage murya, ya koma raɗa, ya koma yin shiru. Ranar da aka yi sauka goma sha biyu bai ce uffan ba, ya fita daga jirgin ya sa hannu, ya ce Kumandan ya tashi shi kaɗai. Da ya sauko, makanikai suka sheƙa masa bokitin ruwa kamar yadda ake yi wa kowane sabon ɗalibi. Ya tsaya jiƙe sharkaf yana dariya, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana gaisawa.

Daga nan aiki ya koma tara awoyi, kullum da sassafe kafin hadari ya taso. Cikin watan Agusta ya yi doguwar tafiyar, daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga can zuwa Tawa, ya dawo. Hanyar Damagaram ta kusa da mu take bi, mun kasa kunne ba mu ji komai ba. Daga baya ya gaya mini da gangan ya kauce wa Gangara, ya bi ta arewa. Na tambaye shi dalili, ya ce iska ce. Na san ba iska ba ce.

Mai jarrabawa ya zo daga Yamai saura kwana biyar wata ya ƙare, kuma an ce in ya koma ba zai sake zuwa ba sai bayan girbi. Dama ɗaya ke nan. Dogon mutum ne marar fara'a, Isaka ya fara jero masa gaisuwa ya katse shi a ta biyu. Ya duba littafi da takardar likita, ya yi tambayoyi kusan awa guda, sannan suka shiga jirgi. Ya ga ƙyallen a hannun Isaka, ya kalle shi, ya kau da kai. Ni da Sabi'u muka zauna a rumfa. Sabi'u yana ta jan carbi, ni kuma na cinye goro biyu ba tare da na ji ɗanɗanonsu ba.

Abin da ya faru a sama Isaka ne ya ba ni labari. An sa shi juyi iri-iri, an rufe masa fuska, an sa shi ya rage gudu da gangan har jirgi ya saki sannan ya farfaɗo da shi, an rage wutar inji an ce ya nuna gonar da zai sauka in da gaske ne. Duk ya yi. Saura sauka ta ƙarshe. Abin da ya biyo baya kuwa da idona na gani. Hadari ya haɗo a gabas, iskar gabansa ta fara kaɗa ciyawa. Jirgin ya sauko daidai, ya kusa titi, sai iska ta ɗauke masa ƙafa ya nutse lokaci ɗaya. Sabi'u ya miƙe tsaye. Na ga hancin jirgin ya ɗan motsa sama, kaɗan ƙwarai, sai injin ya yi ruri, jirgin ya miƙe ya wuce bisa titi bai taɓa ƙasa ba, ya sake hawa sama. Ya zagayo ya sauka a karo na biyu, sumul.

Isaka ya ce a wannan daƙiƙar ya ji hagun ya damƙe sitiyari zai ja, ya ji ƙullin ƙyallen ya matse masa jijiya, kuma ya ji muryar Inna a kunnensa sarai, har da tsakin da take yi a ƙarshe. Amma da ya kashe inji, ya ɗauka ya faɗi, tun da an ce ya sauka bai sauka ba. Ya zauna yana kallon gwiwoyinsa. Mai jarrabawa ya gama rubutu ya ce masa duk wanda ya zo daga mai saukar ungulu, shi ba ya kallon fuskarsa, hannunsa na hagu yake kallo. Ya ce da Isaka ya nace sai ya sauka a karon farko, da ya kayar da shi. Ya sa hannu, ya miƙa masa takardar. Isaka ya karɓa da hannu biyu, ya kuma samu ya ƙarasa gaisuwar da aka katse masa da safe, mutumin ya amsa dole.

Na yi kuka a rumfar nan, ba na ɓoyewa. Sabi'u ma ya juya baya yana gyara hula.

Bayan sati biyu na koyon feshi a jirgin kamfanin, fara ta sauka a gonakin gabas da Gangara, gero yana tsakar yin ido. Aka sanar da mutane su janye dabbobi daga wajen, aka ce jirgi zai zo da safe, kuma kowa ya san wanda ke ciki. Na kwana a gidan Gwaggo don in kasance tare da ita. Hantsi bai gama ɗagawa ba aka fara cewa ga shi nan. Ta ce a fid da ita. Muka shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida, ta ɗaga fuska sama, ta ɗaga hannun dama tana jira.

Jirgin ya taso daga yamma, rawaya, ƙasa-ƙasa. Ya zo daidai kan gidan, ya karkata fiffike hagu da dama, ya wuce. Duka bai fi ƙiftawar ido uku ba. Mudi da sauran maƙwabta suna ta ihu suna ɗaga huluna. Gwaggo ba ta sauke hannu ba sai da ƙarar ta ɓace.

Ta ce, "Wanga ba nawa ba ne."

Na ce, "Shi ne, Gwaggo. Ya kaɗa miki fiffike."

Ta ce, "Auta bai wuce ƙohwar gida bai tsaya ba. Ku maida ni ɗaka."

Ta ƙi fura, ta ƙi magana. Muna jin jirgin can gabas yana kai da kawowa bisa gonaki har rana ta take, sannan ya tafi. Na kira Isaka a salula bayan azahar, na ce masa in ya ga dama ya zo ya gyara abin da ya ɓata, ni na gaji da rufa masa asiri. Ya ce ai yana tasha. Daga filin jirgin Maraɗi ya shiga motar haya zuwa Gazawa, daga can ya hau kabu-kabu. Tafiyar da ya yi cikin minti ashirin da biyar da safe ta ci masa awa uku. Ya iso bayan la'asar da kayan aiki a jikinsa, kuma mutane sun ce tun daga bakin kasuwa har gida bai tsaya gaisawa da kowa ba.

Ya durƙusa a bakin gadonta. Ta lalubi fuskarsa, ta gangaro zuwa hannun hagu, ta taɓa ƙyallen, wanda ya yi baƙi da zufa da man inji.

Ta ce, "Kai ne ka wuce ɗazu?"

"Ni ne, Inna."

"Ba ka tsaya ba."

"Inna, wanga jirgi bai iya tsayawa. In ya tsaya, hwaɗowa yake yi."

"Da kai a ciki?"

"Da ni a ciki."

Ta ci gaba da riƙe hannun. Na tsaya a bakin ƙofa, ban san ta inda za ta ɓullo ba. Can ta ja ƙullin ƙyallen ta ƙara matse shi.

Ta ce, "To ka riƙa wucewa, Auta. Kar ka kuskura ka tsaya mani. Ni na gaishe ka daga ƙasa."

Sannan ta ce in kawo furar nan, kuma in kawo ludayi biyu.

Kaka uku ke nan yana wannan aikin. Gwaggo ta koyi sabuwar ƙarar cikin sati ɗaya, kuma har yanzu tana riga mu ji. In ya taso daga yamma takan sa a fid da ita tsakar gida, ta ɗaga hannun dama. Da jirgin ya zo kan gidan sai ta kaɗa hannun gaba, kamar mai korar kaji, tana cewa, "Wuce, wuce."